Rafin da muka rataya wa kakata

Shekarun baya, lokacin da wutar lantarki ke zuwa mana kamar baƙuwar da ta leƙo ta gaisa ta wuce, na yi wani dogon zama a gidanmu na Maamobi ba tare da aikin yi ba. Sana'ata zanen allunan shaguna ce. Idan ka taɓa yin aski a Nima a wancan zamanin, da wuya ba ka zauna a ƙarƙashin kawunan da na zana ba, waɗannan da ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Sai injinan buga hoto suka cika gari, kowane mai shago ya koma rataya ƙyalle mai sheƙi da hoton ɗan ƙwallo a jiki, aka bar ni da burushi da gwangwanayen fenti suna bushewa a ƙarƙashin gado. Duk da haka ban daina sa wata hular ulu da na samo a gwanjo ba, don na ga irinta masu zane na ƙasashen waje suke sawa. Ga zafin Akra, ga gumi yana bin ƙeyata, ni kuwa ina zaune a benci ina jiran duniya ta gane ko ni wane ne.

Gidanmu gidan haya ne irin na Zango. Ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, kowace ƙofa da murhunta da bokitanta, igiyoyin shanya sun ratsa sama ta ko'ina. A bayan gidan babbar gotar nan take, wato magudanar ƙazamin ruwa, wadda ta raba mu da Nima. Wanda ya san ta ya san ta. Baƙin ruwa ne mai kauri, ledoji da robobi suna tafiya a kansa a hankali. Mu da muka tashi a bakinta ba ma jin warinta sai mun yi tafiya mun dawo.

A ɗakin ƙarshe, wanda ya fi kusa da gotar, kakata take, mahaifiyar mahaifiyata. Yanar ido ta daɗe da rufe mata gani, ba ta gane fuska, sai dai haske da inuwa da launi mai ƙarfi. Amma baki kam lafiya lau. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, kuma kullum sai ta tambaye ni yaushe zan kawo cefane, tunda maigidan nata ya zaɓi gadin benci.

A damunar shekarar aka yi ruwan da ya canza ta. Tun da safe ake sheƙa shi, kafin azahar gotar ta cika, ledoji sun toshe ƙarƙashin gada, ruwa ya rasa hanya ya biyo ta cikin gidaje. Wani maƙwabcinmu ne ya goyo Kaka ya fito da ita, ruwan ya kai masa ƙugu. Ba a rasa rai a gidanmu ba, alhamdu lillahi. Aka kwashe taɓo, aka shanya katifa, aka wanke ɗakin aka turara, aka mayar da ita. Amma tun daga ranar ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Mun kai ta asibiti, suka ce ba su ga komai ba sai tsufa. Koko in ta ɗan kurɓa sai ta ture. Ta daina tambayata cefane, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Kawuna, babban ɗanta, wanda ya gina gida can Kasoa, ya ce magana ta ƙare, da zarar ruwa ya ɗauke zai zo ya tafi da ita, ɗakin da ke cika da ruwan gota ba wurin tsohuwa ba ne. Gaskiya ya faɗa, kowa ya sani. Da mahaifiyata ta je ta gaya mata, abin da ta ce kawai shi ne, "To ku sa likkafani a cikin kayan, kada ya sha wahalar nema a can." Mahaifiyata ta fito tana share ido da bakin mayafi.

Ana cikin haka ne wata rana 'yar yayana, wadda take ƙaramin aji a firamare a lokacin, ta dawo daga makaranta ta tsaya a gaban bencina, jaka a baya.

"Baba ƙarami, tica ta ce duniya ba ta da lafiya."

"Allah ya ba ta sauƙi," na ce.

"Ta ce kowa ya ɗauko abin da aka yar a bola ya yi wani abu mai kyau da shi. Mamana ta ce in zo wurinka, wai kai ne ba ka da aikin yi."

Na so in yi fushi, in gaya mata ni mai zane ne ba mai tsince-tsince ba. Amma hannuna ya daɗe bai riƙe almakashi ba, har ƙaiƙayi yake. Na ɗauki wata robar lemo da ke gefen hanya, na wanke, na matse gindinta na yanka ya zama wutsiya. Na jawo gwangwanin fenti na tsiyaya masa kananzir ya farfaɗo, na yi mata zane a jiki, na liƙa murafen kwalba a matsayin ido. Sai ga kifi. Ni kaina na yi mamakin kyansa. Yarinyar ta fizge shi ta shiga bin ɗakuna tana nunawa, har ta faɗa ɗakin Kaka. Na bi ta don in fito da ita, kada ta dami mara lafiya.

Daga bakin ƙofa na ji muryar Kaka, a dishe.

"Mene ne wannan kike tura mini, ƙawata?"

"Kifi ne, Kaka. Baba ƙarami ya yi."

Ta juyo. Ta karɓa ta bi shi da yatsu tun daga baki har wutsiya, a hankali, kamar mai karanta wani abu. Can sai ta yi tsaki.

"Wane irin kifi ne wannan ba gashin baki? Maigida, na san kana tsaye a nan. Kai ko tarwaɗa ba ka taɓa gani da ranta ba, sai a cikin miya?"

Rabon da ta ce mini maigida har na manta. Na ce, "Ai Kaka ba tarwaɗa na yi ba."

"To me ka yi? A nan bayan ɗakin nan nake kama su da hannuna."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. "A gota?"

"Rafi," in ji Kaka. "Rafi ne sunansa kafin ku zo."

Ta ce a tashe ta. Muka jingina ta da matashi, ta riƙe kifin robar a cinya, ta fara ba da labari, idanunta masu fari suna kallon wani wuri da mu ba ma gani. Ta ce tana ƙarama mahaifinta ya zo da ita daga arewa, suna bin garken shanu a ƙafa. Nima a lokacin daji ce, 'yan bukkoki nan da can. Rafin yana gangarowa fari tas, kana ganin yashin ƙasansa, kana ganin inuwar ƙananan kifaye tana gudu a kan yashin kafin ka ga kifayen. Mata suna wanki a kan duwatsu, su shanya zannuwa a kan ciyawa, gaɓar ta zama ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Shanu suna shiga har gwiwa, belbelu suna tsaye a bayansu ba sa ko motsi. In yamma ta yi kwaɗi su ɗauka, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ta ce akwai wani lokaci bayan la'asar da rana ke faɗowa a karkace, ruwan ya riƙa watsa haske a ƙarƙashin ganyayen itatuwa, hasken yana rawa, ita kuma ta tsaya a ciki har sai an kira ta an gaji.

Kafin ta gama, ƙofar ta cika da yaran gidan. Ba wanda ya yarda da ita. Ni ma, in gaskiya zan faɗa, da kyar na iya ɗora wannan rafi a kan baƙin ruwan da na sani. Amma da ta yi shiru ta ce a ba ta ragowar kokon ɗazu, sai na ga mahaifiyata ta kusa faɗuwa wajen saurin ɗaukowa.

Washegari 'yar yayan nawa ba ta ko cire kayan makaranta ba ta zo ta ce, "Baba ƙarami, mu yi wa Kaka rafi."

"Da me?"

Ta nuna mini hanya da baki. Ledojin piya wata ne a warwatse ko'ina, waɗanda muke tsotsewa mu yar, farare da shuɗin rubutu a jiki. Na daɗe ina kallonsu. Duk rayuwata ina taka su, ban taɓa lura cewa launin ruwa gare su ba.

Haka muka fara. Na kafa wa yaran doka: ba mai shiga gota, ba mai taɓa abin da ya jiƙe da ƙazanta, kuma duk wanda ya dawo sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ko da hancinsa ne. Su tsinto, mu farke ledojin mu wanke a babban baho, mu shanya, in sun bushe mu jera mu ɗinke su da zare da allura su zama dogayen ƙyallaye. Robobi su zama kifaye. Kwalin madara da tsinken tsintsiya su zama belbelu. Wata yarinya ta gano cewa in ka ninke murfin kwalba biyu ka haɗa da roba, ka matsa, yana yin ƙara kamar kwaɗo, daga ranar kuwa gidan bai ƙara samun shiru ba.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Maƙwabciyarmu mai sayar da wake da shinkafa, wadda tukwanenta suka cinye rabin tsakar gidan, ita ce ta fi ɗaga murya.

"Kowa yana fitar da bola daga gidansa, kai kana shigo mana da ita! Igiyata ce wannan ko ta gwamnati? Ina zan shanya kayan yara? Kuma in gaya maka, ba a ƙasan nan za ka shimfiɗa wannan shirmen ba, nan nake ɗora wuta."

A nan ta yi gaskiya, ba wurin shimfiɗa rafi a gidan da ko tabarma sai an yi shawara kafin a baza. Na tsaya ina sosa hular ulu. 'Yar yayana ta ɗaga kai ta kalli sararin da ke tsakanin rufin ɗakuna ta ce, "To mu sa shi a sama mana." Na ɗaga kai ni ma. Sai na tuna Kaka haske kawai take gani. Idan rana ta ratso ta cikin ledojin, a ƙasa hasken zai sauka. Ban gaya wa kowa ba, amma ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Kaka kuwa ta zama mai duba aiki. Duk abin da aka gama sai an kai mata ta shafa. Tarwaɗa ta farko ta dawo da ita, wai gashin bakin ya yi tauri, sai da muka warware igiyar buhu muka sa. Belbela ta dawo da ita har muka gaji, kullum wuyan gajere ne. "Agwagwa kuka yi," take cewa. Faɗa yana buƙatar ƙarfi, ƙarfi kuma yana buƙatar abinci, sai ga Kaka tana cin tuwo. Daga gado ta dawo kan tabarma, daga tabarma ta matso bakin ƙofa, inda za ta fi jin wanda ke ha'inci a ɗinki.

Wani abu kuma ya faru da ban yi tsammani ba. Ledoji suka ƙare a lungunmu. Yaran suka fita da buhu suka dawo da shi kusan wayam, suna ƙorafi wai mutane sun daina zubarwa. Ba dainawa aka yi ba, su ne suka tsince tas, har ƙasar lungun ta fito, ja, irin wadda ban taɓa sanin haka launinta yake ba. Sai suka koma tsayawa kusa da masu shan ruwa a bakin titi, suna jira a gama. Wani dattijo ya kawo mini ƙara, wai yana shan ruwansa yara sun kewaye shi suna kallon bakinsa, har ya ƙware. Wani direban torotoro, motar hayar nan, da ya jefo leda ta taga, 'yar yayana ta ɗauka ta bi shi har inda ya tsaya ta ce, "Masta, ruwan Kaka ne ka yar." Mutumin bai gane ba, amma ya ba ta haƙuri.

Ruwan sama ya fara ja baya, kawu ya aiko cewa yana nan tafe. Mun cika buhuna da ɗinkakkun ƙyallaye, mun jingine su a lungun bayan wanka. Sai aka yi haihuwa a gidan, ana shirin suna. Mijin mai jegon, mutumin kirki, ya tashi da sassafe yana gyaran gida don baƙi, ya ga buhunan leda a lungu, ya kira mai aboboya, wato keken kwasar shara, ya ɗora masa. Kafin yara su dawo daga makaranta, mafi yawan rafinmu ya tafi juji.

Ban taɓa ganin kuka irin na ranar ba. Yara a zube a tsakar gida, wasu suna birgima. Mutumin yana ta rantsuwa bai sani ba. Ni kuwa na koma bencina na zauna, na ce a raina dama haka abin zai ƙare, wanda ya tara bola ai bola ya tara. Kunya ce ta fi damuna, ƙato da ni, na sa yara da tsohuwa sun ɗora rai a kan leda.

Sai muka ji sandar Kaka tana bugun ƙofa.

"Ku zo nan," ta ce. Yaran suka matsa suna jan majina. Ta lalubi kan na kusa da ita ta dafa. "Na farkon ma haka ya tafi. Ba rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan. Wannan ya zuba toka, wancan ya zuba ruwan wanki, ni ma na zuba nawa. Muna nan zaune a bakinsa ya mutu, kuma wallahi ban ga wanda ya yi masa kuka ba. Ko ni ban yi ba. Ku ga shi na leda ne ma kuna yi masa kuka. Ku yi kukanku ku gama. In kun gama ku samo mini wani."

Mai wake da shinkafa tana tsaye da ludayi a hannu, ta ji komai. Ta koma kan tukwanenta. Amma washegari da ta dawo daga wurin sana'arta, sai ga ta da ƙaton buhu a ka, ta sauke a gabana ta ce, "Na masu cin abincina ne. Na ce duk wanda ya yar a ƙasa ba shi ba ƙarin yajin shito." Mahaifiyata ta jawo keken ɗinkinta na hannu ta ajiye a tsakar gida. Baƙin da suka zo suna, aka bi su da kwando ana karɓar ledojin da suka sha. Matan gidan suka zauna suna farkewa suna hira, keke yana ta ƙara, abin da ya ɗauke mu makonni da allura ya haɗu cikin 'yan kwanaki. Mijin mai jegon da kansa ya aro tsani.

Ranar da kawu zai zo muka rataya shi. Tun hantsi muke kan rufi, muna ɗaure igiya daga wannan kwano zuwa wancan, muna jan ƙyallayen su bi tsawon gidan a lanƙwashe, daga ƙofar shiga har ɗakin Kaka. A ƙarƙashi muka saki kifaye da zare, kowanne yana lilo. Belbelu muka tsayar a bakin rufi. Da muka sauko na ɗaga kai na duba. Rana tana tsaka, ba iska, abin ya yi kama da shanyar mahaukaci. Na ce wa yaran kada a fito da Kaka tukuna.

Bayan la'asar iskar teku ta taso, wadda kullum take zuwa ba mu kula da ita. Rana ta karkata. Ledojin suka ɗaga suka sauka, suka fara wata ƙara mai laushi, shaa, shaa, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Hasken ya ratso ya zubo ƙasa, fari da shuɗi-shuɗi, yana rawa a kan siminti, a kan tukwane, a kan fuskokin yara. Inuwar kifayen tana kai da kawowa a ƙasa. Gidan da na sani tun ina rarrafe ya zama kamar an nutsar da shi a ƙarƙashin ruwa mai tsabta. Har mai jego ta fito da jaririnta ta tsaya.

Ni da 'yar yayana muka kamo Kaka. A bakin ƙofa ta tsaya, ta karkata kai tana saurare. Yaran suka fara matsa kwaɗinsu, ɗaya, sannan biyu, sannan duka. Ta kalli ƙasa inda hasken ke motsi a gaban ƙafafunta, ta daɗe tana kallo. Sai ta zare silifas ɗinta, ta ajiye su a gefe a jere. Ta kama bakin zanenta ta ɗaga shi zuwa ƙwauri. Ta sa ƙafa ɗaya a cikin hasken, a hankali, kamar mai gwada sanyi.

Ta saki hannuna. Ta yi tafiyarta ita kaɗai a tsakiyar gidan, zane a ɗage, tana ɗaga ƙafa sama-sama, leɓunanta suna motsi. Ban san me take faɗa ba, ko da wa take magana.

A daidai nan kawu ya yi sallama. Ya shigo da farar riga da makullin mota a hannu, ya tsaya cak a ƙofa, hasken yana rawa a ƙirjinsa. Kaka ta ga farin abu a tsaye.

"Wane ne can?"

"Ni ne, Mma."

"To me kake jira? Zo ka riƙe ni, duwatsun nan santsi gare su."

Na ga babban mutum, mai jikoki, ya sunkuya ya cire takalmansa. Ya zo ya riƙe ta, suka taka tare har ƙarshen gidan suka dawo. Da suka zauna a bencina, ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce shi ma ya riski ƙarshen rafin, yana yaro Kaka ta sha zane shi saboda wanka a ciki. Kaka ta ce, "Kuma ba ka ji ba." Aka kawo masa wake da shinkafa ya ci. Da magariba ta gabato ya miƙe ya ce za a sake magana. Ba a sake ba. Bayan 'yan kwanaki ya turo magini da bulo da siminti, aka ɗaga daɓen ɗakinta, aka gina mata tudu a bakin ƙofa.

Na daɗe ina tunanin ko a ranar hankalinta ya ɗan gushe ne. Ita ce ta cire mini wannan tunani, wata safiya ina ba ta magani.

"Maigida, na san leda ce. Ban haukace ba."

"Ai ban ce komai ba, Kaka."

"Ka ce a ranka. Kun yi ƙoƙari. Belbelar ce dai har yanzu agwagwa."

Ta ƙara ganin damuna fiye da ɗaya a ɗakinta, kafin Allah ya karɓi abarsa cikin sauƙi, da rana tsaka, mahaifiyata tana gefenta. Allah ya jiƙanta.

Rafin kuwa bai kai haka ba. Rana ta cinye shi cikin 'yan watanni, ledojin suka yi rauni suka fara marmashewa suna faɗowa cikin abinci. Dole muka sauke. Muna cusa shi a buhu sai 'yar yayana ta tsaya ta ce, "Baba ƙarami, to yanzu ina za mu kai shi?" Gotar tana nan bayan katanga, taku kaɗan, inda kowa ke kai irinsa. Yaran duk suka zuba mini ido. A ƙarshe sai da na yi tambaya har na samu masu tara irin waɗannan ledoji suna kai wa masu narkawa, can bayan Kawukudi, muka ɗauki buhunan a ka muka kai musu, ni a gaba, yara a baya kamar masu rakiyar amarya.

Tambayar nan tata ita ce ta zauna mini. Ticar ta so yara su koyi kula da duniya, ni kuma da na ɗauka darasin shi ne a mayar da bola abin ado. Ashe wannan somin-taɓi ne. Abin da ka ƙera ma watarana zai tsufa, ya dawo hannunka ya tambaye ka inda za ka kai shi. Kuma na lura yaro ba ya kula da abu don an tsoratar da shi. Sai ya fara son abin tukuna. Yaran gidanmu ba su taɓa jin tausayin gota ba, wa zai ji? Amma da aka ce musu da can rafi ce, har suka ɗinka shi da hannunsu suka ga tsohuwa ta ɗage zane ta shiga, sai hannunsu ya riƙa nauyi wajen jefa mata abu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba mu gyara komai a Akra ba. Ruwa yana nan yana shiga gidaje in damuna ta yi ƙarfi. Yaran sun girma sun watse, wasu suna Makola suna kasuwanci, 'yar yayana tana karatun aikin jinya. Ni ma na samu abin yi, na yi aure, na bar gidan. Duk ranar Asabar dai ina tara yaran unguwarmu ta yanzu a ƙarƙashin wata rumfa, da almakashi da zare, su kawo abin da suka tsinto mu ga me zai zama.

Abin da ya bar mini a jiki kuwa, matata ce ke shan wahalarsa. In na sha ruwa a hanya, hannuna ba ya yarda ya saki ledar, sai in ninke in sa a aljihu, in manta. Duk ranar wanki sai ta zazzage wandunana tana mita, wai ta auri mutum ko kwandon shara. Kwanan baya ina neman makullin ɗaki, ta ce in duba jakarta. Na zuge ƙaramin aljihun ciki, sai ga nata ledojin, a ninke tsaf, an ɗaure su da roba. Na ɗaga kai, tana can ta ba ni baya tana juya miya. Na mayar da su yadda na same su, na zuge jakar, na ce mata ban ga makullin ba.